Ƴata Tana Gefen da Aka Yanke

Tun ina da cikinta nake tsoron abu guda: kada wani abu ya same ta alhali bakina a ɗaure. Ƴar fari ce. A wajenmu, can ƙauyukan Yekuwa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba. Na ga yayata ta yi hakan. Ɗanta ya tsoma hannu a kunu mai zafi, tana zaune kanta a sunkuye har uwar mijinta ta zo ta ɗauke shi, aka yi ta yabonta wai akwai kunya. Ni da nake kusa da ita na ga yadda ta matse bakin zanenta a hannu, jijiyoyin hannun duk sun tashi. Tun ranar nake tambayar kaina, in nawa ya zo, anya zan iya?

Aka haife ta lafiya, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki kamar na ƴar kasuwa. Sai da ta kusa famfara abin ya fara. Tana cikin magana sai ta tsaya cak. Idanunta su ɗan ɗaga sama, fatar idon ta riƙa rawa da sauri-sauri, abin da ke hannunta ya sulale. Bai kai rabin Fatiha ba sai ta dawo, ta ɗora maganarta daidai inda ta aje, ba ta ma san an yi ba. In na tambaye ta a ɗaki, mu biyu, ina ta tafi, sai ta ce ba ta je ko'ina ba, ga ta nan.

Ba wanda ke gani sai ni, don ba wanda ke satar kallonta kamar ni. Na daɗe ina juya maganar kafin na kai wa Inna, uwar mijina. Na kewaya, na ce yarinyar nan kamar tana ɗan ɗaukewa. Inna na tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uwar da ke ƙirga ƙiftawar idon ƴar fari ba sai a kaina, ta ce zamani ya zo da abin kallo. Sai ta jawo yarinyar jikinta tana yi mata wasan jika, tana cewa ƙawarta tunanin miji take, a bar ta ta zaɓi mai shanu. Matan gida suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Maigida yana kudu ci-rani. Da na gaya masa a waya ya ce in bi abin da Inna ta ce, ita ta raini yara ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ranar awon ƙaninta na saɓa shi a baya, na ce yarinyar ta raka ni ta riƙe mini jaka. Da haka na kai ta gaban majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu. Majo ya saurare ni, bai yi dariya ba, ya tura mu wajen likita a Magariya. Likitan ya ba ta takarda ya ce ta yi ta hurawa da ƙarfi, wai wani lokaci hakan na taso da abin. Ta hura kaɗan, ta ga takardar na rawa, sai ta tuntsire da dariya ta ƙi ci gaba. Muka zauna, muka zauna, idonta tar kamar na zakara. Ya ce akwai ciwo mai kama da wanda nake faɗa, kuma yana da magani, amma ba magani ne da ake ɗora yaro a kai da ji-ta-ji-ta ba. Ya ce in ɗauko masa bidiyo, ya ga yadda yake farawa da yadda yake ƙarewa.

Salulata, wato wayata, irin ƙaramar nan ce mai maɓallai. Hoton da take ɗauka in ka gani sai ka ce ta cikin ruwan tsari aka leƙa. Duk da haka na gwada. Kafin in zaro ta daga ƙugu, in danna nan in danna can, yarinya ta dawo tana tambayata me nake yi. Kuma ta yaya zan wuni ina auna ƴar fari da waya a tsakar gidan surukai? Sau ɗaya matar wan maigida ta gan ni, da yamma kowa ya ji.

Abin da ke hana ni sukuni rijiya ce. Tamu bakinta ƙasa-ƙasa yake, itatuwa ne aka gicciya, igiya ta ci su har sun yi santsi. Sa'o'in yarinyar sun fara bin yayyensu ɗiban ruwa, Inna kuma ta fara cewa ƙawarta ta isa ɗaukar ƙaramin tulu. Wata safiya ta bi ni. Na juya in karɓi guga, na waiwayo na gan ta a tsaye daf da baki, ido a sama, ƙafa ɗaya a kan itacen nan. Wata maƙwabciyarmu ce ta fizgo ta tana yi mata faɗan rashin ji. Ni na san ba rashin ji ba ne. 

Bayan an gama kaka aka tashi bikin ƙanwar maigida, ƴar baffansa, a Waca. Muka hau amalanke zuwa bakin hanya, muka shiga mota. Uwar amarya mace ce mai son a san ta yi, ta ɗauko mai kamera tun daga Magariya. Ba irin masu ɗauka da waya ba, babbar kamera ce baƙa mai ƙafa uku. Mata suna ta zolayar juna wai kowa ta gyara kallabi, don wannan ko kwarkwata ce a kan mutum sai ta nuna ta har da ƴaƴanta.

Da la'asar aka zaunar da amarya a tsakar gida da ƙawayenta, kamera na fuskantarsu. Yara suka taru a hannun hagu, wajen tano, wato duron ruwa. Tawa na cikinsu da rigarta ruwan ɗorawa, riƙe da moɗa. Ina zaune cikin dangin miji, Inna a damana, gwaggonninsu a bayana. Sai na ga abin ya zo mata. Ido ya tafi sama, moɗa ta karkace, ruwa na zuba a kan ƙafarta. Ya ma fi na kullum daɗewa. Ban tashi ba, ban ce wa mai kamera ya juya ba, ba halin yin ko ɗaya a wurin. Amma na auna da idona daga bakin kamerar zuwa inda take, na ga tana ciki. Tsoro da murna suka haɗe mini. Na ce a raina yau Allah Ya kama mini shi.

Na yi ta jiran bidiyon kamar mai jiran ruwan shuka. Da ya fito, daga waya zuwa waya ya iso ƙauyenmu. Muka taru a ɗakin matar wan maigida, ita ke da babbar waya. Hoton a tsaye yake, siriri, ya cika fuskar wayar daga sama har ƙasa. Amarya a tsakiya, an ƙara wa hoton ado, furanni na zubo mata, zukata na tashi, kiɗa na tashi. Aka zo daidai wurin. Babu tano, babu yara. Can a gefe, bakin hannun riga ruwan ɗorawa ne kaɗai ya leƙo, shi ma dishi-dishi. Fuskokin da ke bayan amarya kuwa sun dame kamar fura. Mata na ta shewa, kowa na neman kanta. Na roƙa a mayar baya, aka mayar. Na sake roƙo. A na uku mai wayar ta ce in dai kaina nake nema in haƙura, ita ma kunnenta kawai aka ɗauka.

Na kasa gane abin. Da idona na ga inda kamerar ta dosa. Ina sauran hoton ya tafi?

Ranar kasuwar Magariya na ce zan kai man gyaɗa da ƙuli. Na bar kayan wajen wata ƴar garinmu, na yi ta tambaya har aka nuna mini shagon masu bidiyon a bayan tasha. Mai kamerar ba ya nan, ya tafi wani bikin. Wansa na tarar, shi ke yin montaj, wato haɗa bidiyon da gyara shi a odinatar, kwamfuta ke nan. Mutum ne mai jiki, da tabarau a kan hanci, yana fifita da kwali don kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Da na ambaci bikin Waca sai ya yi dariya, ya ce ya san zancen. Ya ce duk macen da ta tako shagon nan ɗayan biyu ne, ko an yanke ta, ko an baƙanta ta, kuma shi ba ya sayar da man bilicin. Ya tambaye ni wanne ne nawa.

Na tsaya, goyo na motsi a bayana. Na fara kewaye-kewayen da na saba, yarinyar gidanmu, wata yarinya mai riga kaza. Ya ce baiwar Allah, yara sun fi kaji yawa a bikin nan, wace ce ita a wajenki?

"Ƴata ce," na ce. "Ƴata ta fari. Ba ta da lafiya, kuma ba wanda ya yarda."

Ban taɓa faɗin haka da bakina a gaban wani ba. Sai na ji kamar na fito ba zane. Shi kuwa ya aje kwalin, ya jawo mini benci, ya fita ya tada gurup, injin nan mai ba da wuta.

Kafin odinatar ta gama farkawa ya yi mini bayani, ni ma na yi ta tambaya har na gane gwargwadon kaina. Ya ce kamerar ƙaninsa a kwance take ɗauka, da faɗi, irin wanda suke kira kat-ka, kuma a cikin daƙiƙa guda hotuna hamsin take jerawa, shi ya sa ko ƙuda ya gifta sai an ga fiffikensa. Amma in zai fara montaj, abu na farko sai ya zaɓi mazubin da zai zuba aikin, sekans suke ce masa. Faɗinsa nawa, tsayinsa nawa, hoto nawa a daƙiƙa. In mazubin ya yi daidai da abin da kamera ta kawo, ba abin da ke zubewa. In ya zaɓi ƙarami, a tsaye, to duk abin da ke dama da hagu ya tafi, hotunan ma sai a riƙa ɗaukar ɗaya ana zubar da ɗaya, sannan a matse sauran don ya yi sauƙi.

Na ce to don me ya zaɓi ƙaramin, alhali an biya babbar kamera?

Ya ce don shi mutane ke so. Uwar amarya da bakinta ta ce a yi mata wanda zai cika waya, wanda za a iya tura wa ƴan ci-rani ba tare da ya cinye musu kati ba. Ya ce a duk ƙasar nan daga Dungas har Mallawa ba a kallon biki a talabijin yanzu, a tafin hannu ake kallo. In ya yi shi da faɗinsa da nauyinsa, ba wayar da za ta ɗauka, gobe a dawo masa da shi ana zagi. Babbar kamerar, in ji shi, don a gan ta a wajen biki ake ɗaukarta.

Ban ga laifinsa ba. Na ce masa na gane, kamar a kawo wa tela turmi guda ne a ce ya fitar da rigar jariri. Ya ce haka ne. Na ce to ai tela yana mayar wa mutum ƙyallayensa. Ina nawa?

 Ya ce katin da ke cikin kamerar an goge shi tun a satin, an yi wasu bukukuwan a kansa. Wanda ya kwafa a odinatar kuma, da zarar masu biki sun karɓi nasu yake sharewa, don biki guda na irin wannan ɗauka sai ya cika masa wuri. Haka kowa ke yi a sana'ar.

Ban san lokacin da na sauka daga bencin na durƙusa ba. Na ce Malam, don girman Allah ka duba. Ko a shara ne ka duba. Ya ce in tashi, in tashi, mutane na wucewa kada a ce wani abu ya yi mini. Ya ce da ma akwai kwandon shara a cikin na'urar, amma yana zubar da shi in wuri ya ƙure. Ya buɗe. Yawanci sun tafi. Guntaye ne suka rage, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya. Ga tukwanen abinci. Ga motar kayan ɗaki. Ga maza a ƙofar gida suna addu'a. Yaron bayana ya fara kuka, na ciro shi na ba shi nono ina kallon allo, kunyar ma ta bar ni. Sai ga amarya a zaune da ƙawayenta, hasken la'asar a jikin katanga.

Na ce nan ne.

Ya buɗe sabon sekans. Ya jawo guntun ya saka, na'urar ta fito da wani rubutu, ya ce tambayarsa take ko ta daidaita mazubin da abin da kamera ta ɗauko, ko ta bar shi yadda ya saba. Ya ce kullum a'a yake ce mata. Ya danna ɗayan. Odinatar ta yi nishi, fankar cikinta na kuka, hoton ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Ya ce nauyi ne ya yi mata yawa, sai mun jira ta tauna. Wani jan layi a ƙasa ya riƙa komawa kore a hankali, ina binsa da ido ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai gidan bikin ya buɗe, dama da hagu, kamar an ture katanga. Ga tano. Ga yara. Ga ta. Har zaren da ya zare a wuyan rigarta ina gani, wanda na yi niyyar ɗinkewa ban samu ba. Tana dariya da wata yarinya, sai dariyar ta tsaya a rabi. Ido ya ɗaga. Fatar idon ta fara rawar nan. Moɗa ta fara karkata.

Daidai nan guɗa ta tashi, gwaggonnin ango sun shigo da turare, kamera ta juya wajensu. Shi ke nan. Farkon kawai ta kama.

Ya mayar, ya rage gudun hoton, ya kusanto da fuskarta har ta cika allo, ba ta dame ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Na gani," ya ce. "Wallahi na gani. Wannan ba wasan yara ba ne."

Shi ne mutum na farko bayan ni. Na rufe fuska da mayafi na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, shi kuma ya yi kamar yana gyara wata igiya a bayan tebur har na gama.

Da muka sake kallo ne ya nuna mini wani abu da ni ban lura da shi ba, don idona na kanta. A can ƙarshen hagu, bayan tanon, akwai wani mutum a tsaye, dogo, da shuɗiyar shadda da hula ƙube, ya ɗaga babbar waya a kwance da hannu biyu. Kuma ba amarya yake ɗauka ba. Wajen yaran ya dosa, da alama nasa na cikinsu. Lokacin da kamera ta juya, shi bai motsa ba.

Mai montaj ya zuba mini guntun a kile, ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa odinatar, da faɗinsa da nauyinsa yadda yake. Ya ja mini kunne kada in yarda a tura shi ta waya, don hanyar da kanta take matse shi. Na ce duk da haka a gwada tura wa maigida. Aka tura. Da ya kira sai ya ce ya ga yarinya a tsaye tana kallon biki, fuskar ma ba ta fita sosai ba, me ake so ya gani? Ya tambaye ni da izinin wa na je shagon maza a bayan tasha.

Likita ya kalla a tasa odinatar, ya maimaita. Ya ce ya yi kama ƙwarai da abin da yake zato, amma yana son ganin tsawonsa da yadda take dawowa, don akwai masu kama da juna kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ya ce in ba haka ba sai a kai ta Damagaram a yi mata awon kai. Na kawo maganar gida. Inna ta ce ba za a ɗauki yarinya lafiyayya a kai ta birni a jona mata wayoyi a ka ba, a jawo mata sunan da zai bi ta har gidan miji. Na roƙe ta ta bi ni Magariya ta gani da idonta a babban allo. Ta ce ƙafarta ba ta shiga gidan kallo ba tana yarinya, ba za ta fara da furfura ba. Maigida ya ce a jira ya dawo da damina.

Na tambayi uwar amarya mutumin nan mai shuɗiyar shadda. Ta ce ba nasu ba ne, cikin abokan dangin ango ne da suka zo daga tsallaken iyaka. Dangin ango suka ce motoci biyu ne suka zo daga can, wa zai tuna wa ya sa me. Na aika, na sake aikawa, har an fara cewa na cika naci. Yanzu ni ke ɗebo ruwan gidan har da rabon da aka ce nata ne, in ta nufi murhu in kira ta da wani aike. Abin kuma ya ƙaru, wata rana tun kafin hantsi ya ɗaga, zuwansa ya fi a ƙirga.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya iske. In kai ne ka je biki Waca bayan kaka, ka tsaya bayan tanon ruwa kana ɗaukar yara, ko ka san wanda ya je, don Allah a duba wayar. Yarinya ce mai riga ruwan ɗorawa, da moɗa a hannu. Kada a goge, kada a yanke, kada a turo ta waya. A kawo wayar da kanta shagon montaj da ke bayan tashar Magariya, a ce na matar Yekuwa ne. Mai shagon ya san ni, zai kwafa yadda yake.